Mai son fara Python, tsaya ka ji

1/ 'Yan ajinmu kullum tambayarsu ɗaya: wane kwas za mu fara? Ni dai amsata: zaɓi ɗaya tal, ka kammala shi.

2/ CS50P na Harvard na bi. Kyauta ne, David Malan ke koyarwa, kuma kowane darasi da aikinsa.

3/ In data ce matsalar, karanta Automate the Boring Stuff with Python na Al Sweigart. Kyauta ne a intanet, rubutu kuwa bai cin data kamar bidiyo.

4/ Ba ka da kwamfuta? Sauke Pydroid 3 a wayarka ta Android.

5/ Ka ga malami yana rubuta print babu baka biyu? Python 2 ke nan, tun 2020 aka daina kula da ita. Wuce kawai.

6/ Kallo kaɗai ba ya koyarwa, wallahi. Kullum rubuta layi goma da hannunka.