Kofi Biyu na Gwaggo

Shekaru na yi ina rufe shirin gaishe-gaishen marasa lafiya a rediyo da jumla ɗaya: "A yi haƙuri, Allah Ya ba da lafiya." Ban san nauyin abin da nake faɗa ba sai da ƙodar Gwaggo ta daina aiki a 2017.

Mu Hausawan Sudan ne. Kakanmu ya baro ƙasar Katsina a ƙasa da niyyar aikin Hajji, guzuri ya ƙare a hanya, ya zauna. A unguwar Mayo da ke kudancin Khartum Gwaggo ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, don haka ni nake kai ta asibiti.

Likita ya yanka mata wankin ƙoda ranakun Asabar da Talata, awa huɗu kowane zama. Ruwan sha kuwa kofi biyu a yini, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Mayu. Ya hana ta dabino da ayaba, domin sinadarin fotasiyam da ke cikinsu kan taru a jinin mai ciwon ƙoda har ya taɓa bugun zuciya.

Watannin farko ta daina fita, ta juya wa kowa baya. Masu dubiya su shigo, su ce jarrabawa ce, su tafi. Wani dare ta ce da ni, "Ɗan nan, kowa cewa yake in yi haƙuri. Ba wanda ya tambaye ni ina ke ciwo." Na yi shiru, don ni ma ina cikinsu.

Wani tsohon malami a layinmu ne ya fara kwance mata ƙullin. Ya tuna mata cewa Annabi Ayuba, wanda ake misalin haƙuri da shi, ya faɗa wa Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi, kuma aka umarce shi ya yi wanka ya sha ruwa kafin waraka ta zo. Ashe faɗin ciwo ba raunin imani ba ne, neman magani ma haka. Ranar ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

A ɗakin wanki ta samu mata biyar da suke kwana da irin ƙishinta. Suka kafa adashe don kuɗin mota da allurar ƙarin jini. Idan gadon ɗaya ya kasance babu kowa, kafin a cire wa sauran allura an buga mata waya. Su suka koya mata tsotsar ƙanƙara a maimakon kwankwaɗar ruwa.

Da azumi ya zo likita ya hana ta, sai ta ji kamar an fitar da ita daga cikin Musulmi. Malam ya ce ta ciyar da miskini a madadin kowace rana. Ta karɓi abin hannu bibbiyu. Ita ke jiƙa hilu-mur, abin shan azumin Sudan, tana aika manyan kwanoni zuwa tabarmar da maza ke shimfiɗawa a titi don buɗa baki da masu wucewa. Ba ta kurɓa, amma ta san mutum nawa suka sha.

Ranar Juma'a da yamma mukan haye Farin Nilu zuwa Omdurman, wurin zikirin 'yan Ƙadiriyya a hubbaren Shehu Hamad al-Nil. Na ji tsoron kada ta ɗauka zikiri zai raba ta da na'ura. Da na furta, ta harare ni. "Asabar ba ta cin Juma'a," in ji ta, "kowacce da aikinta." Shekara shida ba ta fasa wanki da gangan ba.

Yaƙi ya ɓarke ranar Asabar, 15 ga Afrilu 2023, ranar wankinta, cikin azumi. Cibiyoyin wanki da dama a Khartum suka rufe. Muka kai ta Wad Madani, inda da ƙyar ake samun zama ɗaya a mako. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Duk da haka wayarta na hannunta, tana bin sawun 'yan adashensu: wa ta isa ina, wace cibiya ce ke da gado. Ta sama wa biyu gurbi kafin ta rasu a daminar nan. Allah Ya jiƙanta.

Ban daina cewa a yi haƙuri a shirina ba. Sai dai yanzu idan mai ciwon suga ko sikila ya kira, nakan fara da tambayarsa ina ke ciwo, wa ke raka shi asibiti, kuma yaushe rabon da wani ya nemi taimakonsa.