Farantin Talla

A Asokore Mampong, tun daga Aboabo har Sawaba, da wuya a ji uba ya fito fili ya ce 'yarsa ba za ta yi boko ba. Abin da akan ji shi ne, "Bari ta gama talla tukuna." Gama koko da ƙosai da wake da shinkafa su ke riƙe da gidaje da yawa, kuma a kan 'yan mata ake ɗora su. Yaro ya sa rigar makaranta ya wuce, ƙanwarsa kuwa sai farantin ya ƙare, ta isa aji an ci rabin darasin lissafi.

Akwai wata malama, Kirista, wadda iyayenta suka zo daga arewacin Gana. A zango aka haife ta, Hausa ce bakinta, ita ma ta ɗauki wannan faranti. Shi ya sa in yarinya ta yi kwana uku ba a gan ta a aji ba, malamar ba ta aika takarda, takan tafi gidan da ƙafarta.

Doka dai tana bayanta. Dokar Yara ta 1998 ta hana aurar da wadda ba ta kai shekara 18 ba, a Satumba 2017 kuma gwamnati ta mai da sakandare kyauta. Da aka kawar da zancen kuɗi, sai abin da ke ƙarƙashinsa ya fito.

Wata ɗalibarta ta ci jarrabawa da kyau, aka ba ta makarantar kwana, uban ya ƙi. Dattijo ne mai fataucin goro. Malamar ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba Alhaji, ai yanzu ba a biya."

Ya ce, "Malama, ba kuɗi ba ne. Za su cire mata mayafi, su hana ta salla. Ke ma kin sani."

Ba ta iya musu ba. A 2019 mata Musulmi sun yi jerin gwano a Kumasi saboda hana su sa hijabi a makarantu da wuraren aiki. A 2021 ƙasa duka ta ɗauki zancen makarantar Wesley Girls ta Cape Coast, inda aka hana ɗaliba azumin Ramadan. Ikkilisiyoyi sun yi wahala wajen kafa makarantu. Kumasi Academy da ke nan Asokore Mampong ma 'yan Baptist ne suka buɗe ta a 1957, ba laifi ba ne su so tsare tarbiyyarsu. Amma sa'ad da manya ke jayayya a kan ƙa'ida, yarinyar tana gida, masu neman aure kuwa sun fara sallama a ƙofa. Wannan ya dami malamar ƙwarai, ta kuwa faɗe shi a taron zumuntar mata, ba kowa ne ya ji daɗi ba.

Ta koma gidan sau huɗu. Ta ba shi labarin Farfesa Rita Akosua Dickson, mace ta farko da ta shugabanci jami'ar KNUST a 2020, nan kusa da su. Dattijon ya saurara, ya ce, "Waccan ba 'yar zango ba ce." Abin da ya juya shi daga baya ba labarin manya ba ne. Uwar yarinyar ce ta ce masa ta gaji da zuwa asibiti ba ta samun mace mai jin Hausa da za ta faɗa wa ciwonta.

Aka shirya a kan makarantar jeka-ka-dawo, aka yi ta zirga-zirga har aka canja mata. Tana tafiya da mayafinta, tana so ta karanci aikin jinya. Farantin kuwa ya koma kan ƙanwarta mai shekara tara, wadda sunanta yanzu yake cikin littafin malamar, cikin masu zuwa a makare.