Falon Manya da Hanyar Ankara

Daga Legas zuwa Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, jirgi bai cika awa ɗaya a sama ba. Amma ni mutumin Gantsa sai da na ci kwana biyu kafin in kai ga wannan awar. Na fito gida bayan asuba, aka sauke ni Birnin Kudu, na zauna jiran mota ta cika, muka bi ta Wudil muka shiga Kano ana kiran azahar. Na kwana gidan ƙanwata, washegari na hau jirgin Legas, can ma na kwana. Muna da namu filin jirgin a Dutse, wanda aka gina zamanin Gwamna Sule Lamido aka buɗe a 2014, daga nan ne ma alhazanmu ke tashi, sai dai ba nan ce hanyar mai zuwa Gana ba.

Ɗan baffana ne da ya daɗe a unguwar Nima ta Accra zai aurar da 'yarsa ta fari. Shi ya yanko tikitin, ya ce, "Yaya, kai ne waliyyi, ba ni da wani." Ba a neman biza, don tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan yankin na iya shiga ƙasar maƙwabta ya yi har kwana 90. Fasfo kawai ake so, sai ɗan katin nan ruwan ɗorawa na rigakafin shawara.

Asarar farko ni na jawo wa kaina. Uwargida ta cika kwalba da soyayyen man shanu, wanda ya sha albasa, tsarabar amarya. Daga Kano yana cikin babbar jaka ya iso lafiya. A Legas sai wayo ya kama ni, na ce kada a jefa jakar kwalbar ta fashe, na mayar da ita jakar hannu. A wurin bincike aka zaro ta. Doka ce a yawancin filayen jirgi: abu mai ruwa-ruwa ba ya wuce mililita 100 a hannun fasinja, zafin Legas kuwa ya narkar da man tas. Na ce magani ne, jami'in ya yi murmushi. Na ce abinci ne, ya ce ya sani. Babbar jakar ta riga ta wuce, haka na bar kwalbar kan tebur ina waiwayenta.

Da wannan takaici na shiga falon manya. Ɗan yayata mai aikin banki ne ya biya mini kuɗin shiga ta waya, zuwa da dawowa, wai kada Kawu ya sha wahalar jira. Gaskiya wuri ya yi. Sanyi kamar an shiga randa, kujeru masu haɗiye mutum, kowace da wurin cajin waya a gindinta. Ga dafa-duka, ga kaza, ga shayi iya cikinka, ba mai tambayar ka kuɗi. Akwai kusurwar da aka jera kwalabe, na ba ta baya. Abin da ya fi burge ni banɗakin ne: na yi alwala a tsanake, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa, ba ruwan da ya jiƙa mini bakin wando.

Sai dai da na shiga na yi sallama, mutum ɗaya ne ya ɗago, ya dube ni ta saman tabarau ya koma kan kwamfutarsa. Mu kusan ashirin, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. A tashar Birnin Kudu kafin mota ta cika ka san wanda ya rasu a Gwaram da kuɗin buhun riɗi a kasuwa. Nan kuwa shirun ake saya, kowa ya biya don kada a dame shi.

Aka ɗaga tashinmu da awa biyu. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, na ƙara faranti, na haɗa azahar da la'asar, na miƙe ƙafa. Abin da ban sani ba, a falon nan ba a shela da lasifika. Akwai allo a bango, kowa shi ke duba nasa jirgin. Ni kuwa kunne na kasa, har barci ya sace ni. Wata yarinya mai kwashe kwanuka ce ta taɓa hannun kujerata ta ce in nuna mata takardar shiga jirgi. Tana gani ta zaro ido. An sauya ƙofa, an kusa gama ɗiban mutane. Na tattare babbar riga na zuba a guje, hula a hannu, rabona da irin wannan gudu tun ina makarantar kwana.

A ƙarshen layi na tarar da wata Hajiya 'yar Kano, mai kai turaren wuta da mayafai. Ta dube ni ina haki ta ce, "Malam, ai ku manya kuna ciki kuna shan sanyi. Mu nan tun ɗazu labari ya zaga." Wani ne ya ji a bakin ma'aikaci, ya gaya wa na kusa da shi, kafin a yi shela kowa ya ja kayansa.

Jirgin bai cika ba, muka zauna kusa. Tun kafin ya ɗaga ta karanta mini abin da kuɗin ɗan yayata bai saya mini ba. In sa katin rigakafin cikin fasfo, don shi za a fara tambaya. In fito da adireshin mai masaukina a takarda, kada in dogara da waya. Kada in canza kuɗi a filin jirgi sai na mota, sauran sidi in bari sai cikin gari. Da na isa Nima kuwa in ajiye Turanci, Hausa za ta kai ni ko'ina. Sannan ta nuna agogona ta ce in mayar da shi baya awa guda.

Tafiyar kanta babu abin labari sosai. Teku na hannun hagu, Kwatano da Lome suka wuce a ƙarƙashinmu, aka raba ruwa da ɗan burodi, kafin in gama an dawo karɓar leda. Mun tashi huɗu da minti goma, muka sauka huɗu daidai a agogon Gana. Da na gaya wa mutanen gida na isa kafin in tashi, cewa suka yi jirgi ya juya mini kai.

A wurin ɗaurin auren na zauna kusa da wani dattijo, jikan fataken goro. Kakanninsa da jakai suka bi hanyar Gwanja, suna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, watanni suna tafe bayan madugu kafin su ga Salaga. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga sai suka gangara kudu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu har bakin teku. Na ba shi labarin falon, na ce ai shi ne zangon zamani. Ya girgiza kai. Ya ce ayari ba don tabarma yake sauka zango ba. Can ake jin inda 'yan fashi suka tare, da kogin da ya cika, da yadda goro ke tashi. Zangon da ba a hira, in ji shi, wannan ɗakin kwana ne.

Ban ce falon ba shi da amfani ba. Mai jiran awa biyar da ciwon baya, ko mai aikin da dole ya gama kafin ya sauka, kuɗinsa bai faɗi ba. Amma tafiyar minti hamsin, kuma baƙon hanya irina, shinkafa ce kawai na ci mai tsada.

Ranar dawowa an riga an biya, ban bar kuɗin yaro ya tafi a banza ba. Na shiga falon Accra na yi alwala, na sha shayi kofi biyu a tsaye, na fito na nemi kujerar ƙarfe a bakin ƙofar jirginmu. Na kusa da ni wani ɗan Zinder ne mai sayar da fata, za shi Kano. Kafin a kira mu ya riga ya gaya mini inda zan kwana da araha a Agege.