In jirgi ya zo, Katsina za ni

Ni dai ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Yawancinmu nan Madarunfa haka muke. Dogo ya iso Kano tun 1911, amma bai ƙetaro iyaka zuwa wajenmu ba.

A shekarar 2021 gwamnatin Nijeriya ta soma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ƴan kasuwa sun fara lissafin buhunan wake. Ni lissafina daban ne.

Ina so in tashi da asuba tare da yarana, mu wuni Katsina, mu kwana gida. Daga can sarakunan Maraɗi suka fito, bayan mutanen Shehu Usmanu sun ci birnin. Shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi. Yarana a baki suke jin wannan, ba su gani da ido ba. Ina so su tsaya gindin hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ya girmi jihadi, su ɗaga kai. In da sauran rana, mu leƙa rijiyar Kusugu a Daura.

Amma ƴan uwa, jirgin da zai kai mu shi ne zai kawo mana baƙi. Za su so ganin tafkinmu da kaburburan waliyyai 99 da ake faɗi. Kwanan baya na zaga bakin tafki, na iske leda ta maƙale ko'ina cikin ciyawa. Kunya ta kama ni tun baƙon bai zo ba.