Abin da parabol yake kallo

Duk wanda ya hau soro a Magariya ya dubi rufin gidaje zai ga wani abu da muka saba da shi har muka daina ganinsa, wato farantan parabol. Wani a kan kwano, wani a tsakar gida an danne ƙafarsa da tubali, wani an ɗaure shi da waya a jikin katanga. Wasu suna kallon gabas, wasu yamma, dukkansu da ɗan karkata zuwa kudu. Babu mai kallon arewa, daga nan har Dungas har Dan Ciyau.

Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne farantin ba ya motsi. Rana tana fitowa ta faɗi, wata ma haka, Zara da Kaza da ƴaƴanta duk tafiya suke yi. Amma mai saiti zai zo da sifanarsa, ya riƙa juya faranti kaɗan-kaɗan, yaro daga cikin ɗaki yana ihu "ya zo, ya tafi, ya zo!", ya ɗaure noti, shi ke nan. Shekara da shekaru ba a sake taɓa shi, sai dai in iskar farkon damina ta ture shi. To mene ne wannan da yake tsaye cak a sama alhali komai yana wucewa?

Maganar gaskiya ba a tsaye yake ba. Tauraron ɗan'adam ɗin da farantin yake kallo yana gudun kusan kilomita 11,000 a awa guda. Kuma faɗowa yake yi, dare da rana, bai taɓa dainawa ba.

Na san wannan magana kamar tatsuniya take, amma a bi ni a hankali. Ka saki dutse a bakin rijiya: a sakan na farko zai sauka kamar mita 5. In jifa ka yi da shi gaba, mita 5 ɗin nan dai zai sauka a sakan ɗin, sai dai ya yi nisa kafin ya taɓa ƙasa. Ita kuwa duniya dunƙulalliya ce, duk tafiyar kilomita 8 a miƙe ƙasa tana lanƙwashewa ta yi ƙasa da kamar mita 5. To ka ga in aka sami hannun da zai jefa dutsen da gudun kilomita 8 a sakan, can sama inda iska ba za ta riƙe shi ba, yana saukowa ƙasa tana kauce masa daidai gwargwado. Zai yi ta faɗowa bai iso ba, har ya zagayo duniya ya dawo inda aka jefa shi. Wannan shi ne falaki. Da irin wannan gudu, daga Magariya zuwa Damagaram sakan 12 ne, tafiyar da ƴan tasha suke sa mu kwashe rabin yini kafin mota ma ta cika.

Isaac Newton ne ya fitar da lissafin wannan abu a littafinsa na 1687, amma duk yaron da ya taɓa korar tsuntsu a gonar hatsi da majajjawa ya san rabinsa a hannunsa. Igiya tana jan dutse zuwa hannu, dutse yana son wucewa a miƙe, sai ya yi ta kewayawa. A sama, jan da duniya take yi shi ne igiyar. Bambancin kawai, ita wannan igiyar tana rage ƙarfi in an yi nisa. Saboda haka abin da yake kusa dole ya yi gudu sosai, na nesa kuwa yana tafe a hankali, ga kuma doguwar hanya a gabansa. Johannes Kepler ya riga ya gano haka a tafiyar duniyoyi tun 1619: Zara tana zagaye rana a kwana 225, mu a 365, Mushtari sai ya yi kusan shekara 12. Haka abin yake a kewayen duniyarmu. Tashar sararin samaniya da take kilomita 400 a sama tana zagayowa a kamar minti 90. Wata, da yake nisan kilomita 384,000, sai ya yi kwana 27 da ɗoriya. Tsakanin minti 90 da kwana 27 ai dole akwai wani tsayi da zagayen zai ɗauki kwana ɗaya cur. Akwai shi: kilomita 35,786 a bisa layin da ya raba duniya biyu. Abin da aka ajiye a can yana juyawa tare da mu, kamar mutum biyu a kan jaki ɗaya, kowa yana ganin ɗan'uwansa a zaune. Mu kuma muna arewa da wannan layi da digiri 13, shi ya sa farantanmu suke karkata kudu.

Duk wannan an koya mana shi a ajin ƙarshe na lise, da faransanci, a allo, harafi kan harafi, mun haddace saboda bak. Abin da ba a gaya mana ba, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro, shi ne ƙasar Hausa tana cikin labarin nan tun farkonsa.

Ranar 20 ga Fabrairu 1962, John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya zagaye duniya a cikin kumbo. Sau uku ya zagaya, kowane zagaye bai cika awa ɗaya da rabi ba, a tsayin da bai kai kilomita 300 ba. Wanda yake ƙasa-ƙasa haka kuma da wannan gudu, ba ka samunsa a rediyo sai na ƴan mintoci, ya ɓullo ta yamma ya ɓace ta gabas. Dole Amurkawa suka jera tashoshi a kewayen duniya, wannan ta saurare shi ta miƙa wa ta gaba. Ɗaya daga cikinsu a Kano take, wata a Zanzibar. Kano fa, da ba ta kai kilomita 150 daga nan ba in an bi a miƙe, inda iyayenmu suke zuwa sayayya kamar gida. Ranar nan kakanninmu suna fadama suna fama da rake, mutum yana wucewa ta sararin ƙasar Hausa ana sauraronsa daga Kano.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka sai ga ɗaya ɓangaren lissafin. An harba Syncom 2 a watan Yuli 1963 zuwa wancan tsayi na kwana ɗaya. Ranar 23 ga Agusta, shugaba Kennedy ya ɗauki waya a Amurka ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta cikinsa, ta hanyar wani jirgin ruwa mai suna Kingsport da yake tsaye a tashar Legas. Shi ne karo na farko da shugabanni biyu suka yi magana kai tsaye ta tauraron ɗan'adam. Shi Syncom 2 falakinsa a karkace yake, saboda haka bai tsaya cak ba, yana lilo tsakanin arewa da kudu a kullum. Wanda ya fara tsayawa sosai shi ne Syncom 3 a 1964. Da ni ne mushe, da waɗannan ranaku biyu zan buɗe darasin Kepler, domin su kaɗai sun nuna abin da tsayi yake yi wa gudu: na ƙasa sai an jera masa tashoshi, na sama ido ɗaya ya ishe shi.

Sai dai zoben nan guda ɗaya ne tak a duniya, kuma kamar rumfunan kasuwa yake, in an cika an cika. In taurari biyu masu amfani da zango ɗaya suka matsi juna, maganarsu tana cakuɗewa, don haka wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya a Janeba ce take rajistar gurabe, kuma waɗanda suka riga zuwa su suka kama masu kyau. A 1976 wasu ƙasashen da suke kan layin tsakiya, ciki har da Kenya da Uganda da Zayar, sun taru a Bogota suka ce abin da yake bisa kansu nasu ne. Manyan ƙasashe ba su yarda ba. Najeriya ta shiga zoben a 2007 da NigComSat-1, wanda aka harba daga Sin, ya mutu a Nuwamba 2008 da fukafukansa na hasken rana suka lalace. Aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamba 2011. Ko mai lafiya ma ba ya dawwama, domin wata da rana suna ta jansa daga gurbinsa, sai ya riƙa ƙona ɗan man da yake ɗauke da shi yana komawa. In man ya kusa ƙarewa, bayan shekara 15 ko makamancin haka, sai a tura shi sama da kamar kilomita 300, a bar wa wani wurin.

Akwai kuma wani ɗan abu da kowa zai iya lura da shi a gida. Sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, hanyar rana a samaniyarmu tana bi daidai ta bayan zoben. Rana ita ma tana fitar da nata igiyoyin rediyo, kuma in ta tsaya a bayan tauraron sai ta cika faranti da hayaniya, hoto ya riƙa tsinkewa ko ya ɗauke na ƴan mintoci, kwana uku ko huɗu a jere, kusan a lokaci ɗaya. Masu kallon gabas da hantsi abin yake samunsu, masu kallon yamma kuwa sai bayan azahar.