Daidaita Nauyi a Ruwa: Bahar Maliya da Ƙasashen Sanyi

Mai nutso da tukunyar iska a Dahab ko Sharm el-Sheikh, a gaɓar Bahar Maliya ta Masar, jakar iska ɗaya yake kula da ita, wato falmaran ɗin da ake hurawa. In ya yi nauyi sai ya ƙara mata iska, in ruwa ya fara ɗago shi ya rage. Rigar robar da ke jikinsa kuwa ruwa na shiga cikinta.

A ƙasashen sanyi ba haka ba ne. A Silfra ta Aisland, inda ruwan ke tsakanin digiri 2 da 4, busasshiyar riga ake sawa, wadda ke kama wuya da wuyan hannu kam, da tufafin ɗumi a ciki. Iskar da ke cikin rigar ta zama jaka ta biyu ke nan. A zurfin mita 10 matsin ruwa kan mayar da iskar rabin girmanta, rigar ta matse jiki har ta bar shaida a fata. Shi ya sa ake ƙara iska ta bawul ɗin ƙirji, a fitar ta bawul ɗin damtsen hagu. Matsalar ita ce iska kullum tana neman inda ya fi tudu. In ƙafafu suka ɗaga sama da kai, can za ta taru, nesa da mafita, ta ja mutum sama a kife, kuma saurin tasowa na iya jawo ciwon kumfar iska a jini.

A nan koyarwa ta rabu. A Birtaniya, masu nutso na ƙungiyar BSAC sun daɗe suna daidaita nauyi da rigar kaɗai a ƙarƙashin ruwa, su bar falmaran sai an fito sama. Hujjarsu, kula da jaka ɗaya ya fi sauƙi. Ƙungiyar GUE ta Fulorida a Amurka kuwa tana koyar da sa wa rigar iska kaɗan, daidai abin da zai sassauta matsi, sauran aikin na jakar iskar da ake ɗaurawa a baya ne, a madadin falmaran. Ga mai ɗauke da tukwane biyu, hanyar GUE ta fi dacewa, don iskar da zai buƙata ta yi wa rigar yawa.

Duka ɓangarorin sun yarda cewa dalmar da ake ɗaurawa don ƙara nauyi, in ta wuce kima, ita ce ke tilasta cika riga da iska. Ana gwada nauyinta a wuri marar zurfi, tukunya ta kusa ƙarewa, kuma a sake gwadawa duk lokacin da aka canza tufafin ciki.