Fushimi: Unguwar Shinkafa da Cakulan, a Kula da Tsaraba

A wannan fitowar zan kai ku Fushimi, wata unguwa a kudancin birnin Kiyoto na ƙasar Japan, inda na ziyarci Yayana da matarsa a watan Fabrairu, lokacin da sanyi ke ratsa ƙashi.

Unguwa ce tsaf-tsaf, kamar a wanke hannu a taɓa. Tsofaffin gine-gine na baƙin katako da farin bango sun jeru a bakin wata korama. Sana'ar da aka san wurin da ita ita ce dafa giyar shinkafa da suke kira sake, kamfanin Gekkeikan ma tun shekarar 1637 yake nan. A ƙofar masana'antun za ki ga an rataye wani dunƙulen ganye kamar ƙwallo: kore ne shar idan sabuwar giya ta fito, yana komawa ruwan ƙasa yayin da take kwana biyu. Ruwan rijiyoyinsu mai laushi ne, shi ya sa ake ce wa giyar Fushimi "ta mata", ta yankin Nada a Kobe kuwa, mai ruwa mai ƙarfi, "ta maza". Kun ji fa, har giya sai da aka raba mata jinsi!

Fabrairu watan cakulan ne a Japan. Ranar 14 ga wata mata ne ke ba maza, akwai na masoyi, akwai na abokan aiki don fita kunya, ranar 14 ga Maris kuma maza su rama. A wannan lokacin ne masu shaguna ke gwama cakulan da sake.

Antina ta ce da ni, "Ƙanwata, dokarsu guda ce: mai nauyi da mai nauyi, mara nauyi da mara nauyi." Wadda aka ajiye shekaru har ta yi launin zuma, wato koshu, ita ake haɗawa da baƙin cakulan mai ɗaci. Nigori, fara mai kauri da zaƙi wadda ba a tace sosai ba, tana tafiya da mai madara. Daiginjo kuwa, wadda ake goge ƙwayar shinkafarta har rabi ko fiye ya tafi, ƙamshinta ba ya son hayaniya, sai farin cakulan, don mai ɗaci danne ta zai yi.

Ni dai nawa ido, domin barasar da ke cikin sake ta kai wajen kashi 15 cikin ɗari, mu kuwa mun san hukuncinta. Abin da ya tayar min da hankali shi ne ba a kwalba kawai take zama ba. A shekarar 2016 an fitar da KitKat mai sake, da barasa kashi 0.8 cikin ɗari, a kwali mai ban sha'awa irin wanda matafiyi zai kwaso wa yara. Kuma a dokar Japan, abin sha ba ya zama giya sai barasarsa ta kai kashi 1. Ashe ana iya sayar miki da abu ba da sunan giya ba, alhali akwai ɗigonta a ciki. Wanda ya yi sake, sake za ta shiga gidansa.

To, ba mu tashi a banza ba. Akwai amazake, abin sha mai ɗumi da kauri, kusan kamar kunun shinkafa. Iri biyu ne, kuma nan ne wurin lura. Na kome-koji ana yin sa da dafaffiyar shinkafa da koji, wata fumfuna mai amfani da suke renonta a jikin shinkafa. A bar shi da ɗumin da ya kusa digiri 60 na tsawon awanni, sai ya yi zaƙi da kansa ba sukari, ba barasa. Na sake-kasu kuwa daga dusar giyar ake dama shi, akwai sauranta a ciki.

Na farkon muka saya, aka goga masa citta. Na bi dokarsu, na ɗora baƙin cakulan a harshe, na kurɓa a kai. Wayyo daɗi! Ɗumin ya narkar da cakulan, zaƙin ya kwantar da ɗacin, cittar ta biyo baya. Farin cakulan kuma muka haɗa shi da koren shayin garin Uji, maƙwabcin Fushimi, ɗan ɗacinsa ya yanke maiƙon.

Don haka 'yar'uwa, idan Allah ya kai ki ko maigida can, kada kyan kwali ya ruɗe ku. A tambaya kafin a biya: akwai sake a ciki? Amazaken nan na kome-koji ne? Tambaya ba ta rage mutunci, tsarabar da za ta shiga bakin 'ya'yanmu kuwa amana ce.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.